Ƙuntata wa Ƙungiyoyin Farar Hula da Tasirinsa ga Aikin Lafiyar Haihuwa da Haƙƙin Jinsi: Misalin Uganda

Abin da masana harkar mulki ke kira filin walwalar jama'a ya tsaya ne a kan 'yanci uku: na kafa ƙungiya, na taruwa cikin lumana, da na faɗin albarkacin baki. Inda ukun nan suke da rai, ƙungiyar ungozomomi za ta iya yin rajista, ta buɗe asusu a banki, ta kama zauren taro, ta shiga gidan rediyo ta soki ma'aikatar lafiya, kuma shugabanninta su kwana a gidajensu. Inda aka ƙuntata su, ba lallai ne a ga soja a bakin ƙofa ba. Yawanci takarda ce ke zuwa: lasisinku ya ƙare ba za a sabunta ba, an rufe asusunku har a gama bincike, ba a ba ku izinin taron gobe ba. Ƙungiyar CIVICUS da ke Johannesburg tana auna wannan fili a ƙasashen duniya, tana jera su a matakai 5, daga buɗaɗɗe zuwa rufaffe. Uganda tana mataki na 4, wato na danniya, inda Najeriya ita ma ta faɗa a 2019.

Matsin bai faɗa wa kowa daidai wa daida ba. Waɗanda suka fi saurin jin nauyinsa su ne ƙungiyoyin lafiyar haihuwa, masu aikin tazarar haihuwa da awon ciki da kula da matan da suka yi ɓari ko suka zubar da ciki, sai kuma masu kare mutanen da ake tara su a ƙarƙashin haruffan LGBTIQ, wato 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo da masu sha'awar jinsi biyu da masu sauya jinsi da mata-maza. Dalilin a fili yake. Aikinsu ya shafi abin da jama'a ke kunyar ambata, ko suke ƙyama ƙwarai, don haka in gwamnati ta taɓa su ba ta tsoron kowa ya fito titi dominsu. Kuɗinsu kuma mafi yawa daga ƙetare yake zuwa, abin da ke sauƙaƙa a kira su 'yan koren Turawa. Sannan aikin kansa sirri yake bukata: mara lafiya ba ya zuwa wurin da ya san za a rubuta sunansa a miƙa wa 'yan sanda.

Hukuncin da addini ya yanke a kan waɗannan ayyuka sananne ne ga Musulmi da Kiristan yawancin ƙasashen Afirka, kuma magana ce mai zaman kanta. Abin dubawa a nan shi ne kayan aikin da hukuma ke ƙerawa da sunan wannan hukunci, da kuma kan wa suke sauka bayan an ƙera su. Uganda ta fi ko'ina nuna wannan, domin a can an yi abin daki-daki cikin shekara 15, kuma kusan kowane mataki yana rubuce a kundin majalisa ko na kotu.

A watan Oktoban 2009 ɗan majalisa David Bahati ya gabatar da ƙudirin haramta luwaɗi, wanda ya ƙunshi hukuncin kisa. Luwaɗi dama laifi ne a kundin da Ingila ta bar wa ƙasar tun zamanin mulkin mallaka. Sabon abu a ƙudirin shi ne kalmar "tallatawa", wadda ta mayar da magana da taimako da ba da masauki su ma laifi. Shekara guda bayan haka wata ƙaramar jarida a Kampala ta buga sunaye da hotunan mutanen da ta ce 'yan luwaɗi ne, tare da kiran a rataye su. David Kato, na ƙungiyar SMUG mai kare 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo, yana cikinsu. Ya kai ƙara ya yi nasara a farkon Janairun 2011, kafin watan ya ƙare aka kashe shi da guduma a gidansa da ke Mukono. An ɗaure mutum guda shekara 30 kan kisan, 'yan sanda sun ce ba shi da alaƙa da fafutukarsa, abokan aikinsa kuma ba su gamsu da wannan bayani ba.

Tun kafin ƙudirin ya zama doka aka fara aiki da ruhinsa. A Fabrairun 2012 ministan ɗa'a Simon Lokodo ya shiga wani otal a Entebbe da kansa ya watsa taron bita na masu fafutuka, babbar kotu kuma daga baya ta ce bai yi laifi ba. A 2013 aka kafa dokar kula da tarukan jama'a, wadda ta ba 'yan sanda ikon hana taro. Ba don 'yan luwaɗi aka yi ta ba, an yi ta ne bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta 2011 da 'yan adawa suka jagoranta, amma ta zama sanda guda da ake dukan kowa da ita. Shugaba Yoweri Museveni ya sa hannu a dokar luwaɗin a Fabrairun 2014. Cikin watan Afrilu 'yan sanda suka kai samame wata cibiyar binciken cutar ƙanjamau da ke Kampala, ta haɗin gwiwar Jami'ar Makerere da Amurka, bisa zargin tana horar da matasa luwaɗi, aka dakatar da aiki na wani lokaci. A ranar 1 ga Agusta kotun tsarin mulki ta soke dokar, ba don abin da ke cikinta ba, sai don yawan 'yan majalisar da suka zauna ranar da aka zartar da ita bai kai ƙa'ida ba.

Abin da kotu ta karɓe da hannun dama, dokar ƙungiyoyi masu zaman kansu ta 2016 ta mayar da shi da hagu. Ta kafa hukuma ta musamman a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, ta wajabta rajista da lasisi mai wa'adi da amincewar kwamitin gunduma kafin ƙungiya ta yi aiki a wani yanki, sannan ta hana duk wani abu da zai saɓa wa muradun ƙasa da mutuncin al'ummar Uganda. Ba a fayyace mene ne muradun ba, ba a faɗi ma'aunin mutuncin ba. Irin wannan lafazi mai faɗi shi ne ƙashin bayan kusan duk dokokin ƙuntatawa, domin jami'i ba ya bukatar ya tabbatar da laifi, ya isa ya ce bai gamsu ba.

Tarkon da SMUG ta faɗa ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙungiyar ta nemi a yi wa sunanta rajista tun 2012, ofishin rajista ya ƙi, ya ce sunan bai dace ba tunda mutanen da take wakilta masu laifi ne a doka. Ta je kotu ta sha kaye. A Agustan 2022 hukumar ƙungiyoyi ta umarce ta da ta rufe, dalili kuwa wai tana aiki ba rajista. An hana ta takarda, aka dawo aka kama ta da rashin takarda. A Maris 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da ƙin rajistar. Ƙungiyar da ba ta da rajista ba ta da asusun banki da sunanta, ba ta kama hayar ofis, ba ta ɗaukar ma'aikaci da kwangila, ba ta shigar da ƙara a matsayinta na ƙungiya. Ba sai an kama kowa ba.

A daidai wannan lokaci sandar ta sauka kan waɗanda ba ruwansu da batun jinsi. A ƙarshen 2020, ana dab da zaɓe, hukumar sa ido kan hada-hadar kuɗi ta rufe asusun gamayyar ƙungiyoyin mata ta UWONET da na dandalin ƙungiyoyi masu zaman kansu na ƙasa, bisa zargin ɗaukar nauyin ta'addanci, aka buɗe bayan an gama zaɓe. An kama lauya Nicholas Opiyo, shugaban ƙungiyar Chapter Four, da tuhumar halatta kuɗin haram, aka janye tuhumar a 2021. A farkon shekarar aka dakatar da babban asusun da ƙasashen Turai ke tallafa wa ƙungiyoyi da shi, a ranar 20 ga Agusta kuma aka dakatar da ƙungiyoyi 54 a rana ɗaya, cikinsu har da masu sa ido kan zaɓe da masu bin kadin mutanen da aikin man fetur ya raba da gonakinsu. A 2023 gwamnati ta ƙi sabunta yarjejeniyar ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, ofishin ya rufe a watan Agusta.

Kan haka dokar 2023 ta zo ta tarar da fili a share. Ɗan majalisa Asuman Basalirwa ne ya gabatar da ita, Museveni ya sa hannu a ƙarshen watan Mayu. Ta tanadi ɗaurin rai da rai, da kisa a wasu nau'o'in da ta kira masu tsanani, da shekara 20 ga wanda ya "tallata". Ƙungiyar da aka samu da tallatawa za a iya cin ta tara har shilin biliyan 1, a dakatar da lasisinta shekara 10 ko a soke shi. Dokar ta kuma ɗora wa jama'a kai rahoto, ta mayar da ba da haya laifi. A Afrilun 2024 kotun tsarin mulki ta cire sassan haya da kai rahoto, ta bar sauran. Amma a watanni goman da ke tsakani, masu gidaje da yawa sun riga sun kori 'yan haya don gudun abin da zai je ya zo, kamar yadda ƙungiyar lauyoyi ta HRAPF ta riƙa tattarawa wata-wata.

Inda ɓarnar ta fi bayyana shi ne fannin lafiya. Sama da mutum miliyan 1.4 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau a Uganda, kuma ƙasar ta yi suna a shekarun 1990 wajen rage yaɗuwarta ta hanyar fitowa a yi magana ƙeƙe-da-ƙeƙe. Maganin rage kaifin cutar ba a shansa yau a bari gobe, wanda ya katse, ƙwayar tana farfaɗowa a jininsa, ya koma mai iya yaɗawa. A ƙananan cibiyoyin unguwa da ƙungiyoyi ke gudanarwa, mutum kan shigo ta ƙofar baya, a gwada jininsa, a ba shi ƙwayoyin wata uku da kwaroron roba, ba a tambaye shi da wa yake kwana ba sai don a san gwajin da ya dace. Ma'aikacin da ke miƙa wannan kwaroron yau dole ya tambayi kansa ko miƙawar tallatawa ce. Littafin da yake rubuta sunaye ya zama abin da za a iya ɗauka a kai kotu. Wasu daga cikin mazan da ke zuwa waɗannan cibiyoyi kuma suna da mata da 'ya'ya a gida, cutar ba ta tsayawa inda doka ta ja layi. Wannan ne ya sa hukumar UNAIDS mai yaƙi da ƙanjamau, wadda 'yar Uganda Winnie Byanyima ke shugabanta, ta haɗu da asusun Global Fund da shirin PEPFAR na Amurka suka yi gargaɗi ranar da aka sanar da dokar ta 2023. Maƙwabciya Tanzaniya ta riga ta bi wannan hanya a zamanin John Magufuli: a 2016 aka dakatar da shirin kai wa irin waɗannan maza magani a unguwanni, a Fabrairun 2017 aka hana cibiyoyi kusan 40 aikin ƙanjamau, a 2018 kuma aka dakatar da tallan tazarar haihuwa a rediyo da talabijin bayan shugaban ya ce masu ƙayyade iyali ragwaye ne.

Lafiyar haihuwa a Uganda ta sha irin nata matsin ba tare da wata doka mai suna ba. A 2015 ma'aikatar lafiya ta fitar da ƙa'idojin rage mutuwar mata sakamakon zubar da ciki a hannun 'yan ga-ruwa, kafin a je ko'ina aka jingine su saboda ƙorafin shugabannin addini. A 2016 aka haramta koyar da cikakken ilimin jima'i da balaga ga yara, a ƙasar da binciken lafiya na wannan shekarar ya nuna yarinya 1 cikin 4 'yan shekara 15 zuwa 19 ta haihu ko tana da ciki. Sai da ƙungiyar CEHURD mai kare haƙƙin lafiya ta yi shari'a ta shekaru kafin babbar kotu ta umarci ma'aikatar ilimi a 2021 ta samar da manufa a kan lamarin. Shari'ar ta yiwu ne domin ƙungiyar tana da rajista da lauyoyi da asusu, wato abubuwan nan da dokar 2016 ta sa a tafin hannun hukuma.

Kuɗi shi ne igiyar da ta fi saurin shaƙewa, kuma ana jan ta daga ɓangare biyu. Habasha ta nuna yadda ake ja daga gida. Dokarta ta 2009 ta ce duk ƙungiyar da fiye da kashi 10 cikin 100 na kuɗinta ya fito daga waje ba za ta taɓa batun haƙƙin ɗan Adam ko daidaiton maza da mata ba. Ƙungiyar lauyoyi mata ta ƙasar, wadda Meaza Ashenafi ta kafa tare da wasu a 1995, tana kare matan da aka sace don aure ko aka lakaɗa wa duka kyauta. Aka rufe asusunta, ta sallami mafi yawan ma'aikatanta. Wasu ƙungiyoyin suka goge kalmar haƙƙi daga takardunsu suka koma raba magani kawai. Sai a 2019 aka sauya dokar.

Daga waje kuma akwai manufar Amurka da ake kira ta birnin Meksiko, wadda masu adawa da ita ke wa laƙabi da dokar toshe baki. Ronald Reagan ya fara ta a 1984. Sharaɗinta shi ne ƙungiyar wata ƙasa da ke karɓar tallafin Amurka ba za ta zubar da ciki ba, ba za ta ba da shawara a kai ko ta tura mace inda ake yi ba, ba za ta nemi a sassauta doka ba, ko da kuwa da kuɗin wani ne ba na Amurka ba. Bill Clinton ya soke ta a 1993, George Bush ƙarami ya dawo da ita a 2001, Barack Obama ya soke a 2009, Donald Trump ya dawo da ita a 2017 ya faɗaɗa ta daga kimanin dala miliyan 600 na tsarin iyali zuwa kusan dala biliyan 9 na duk tallafin lafiya, Joe Biden ya soke a 2021, Trump ya sake maido ta a Janairun 2025. Ƙungiyoyi irin su Marie Stopes da IPPF sun ƙi sa hannu, suka rasa kuɗin da suke kai allurar tazarar haihuwa ƙauyuka. Masu bincike na Jami'ar Stanford sun duba ƙasashe 26 na Afirka kudu da Sahara, suka wallafa a 2019 cewa a zamanin Bush zubar da ciki ya ƙaru da kimanin kashi 40 cikin 100 a ƙasashen da suka fi dogaro da tallafin, domin amfani da magungunan tazara ya ragu. An gudu gara an faɗa gidan zago. Ga ƙungiyar da ke Kampala, gaba kura ce baya sayaki: gwamnatinta na zarginta da bin umarnin Amurka, Amurka kuma na gindaya mata abin da za ta faɗa wa majinyaciya a ɗakin duba marasa lafiya.

Martanin ƙasashen waje ma yana da nasa kaifin. Bankin Duniya ya dakatar da sabon bashi ga Uganda a Agustan 2023, Amurka ta cire ta daga tsarin cinikayya na AGOA daga Janairun 2024. Matakan sun nuna ɓacin rai, amma sun ba masu goyon bayan dokar hujjar da suka fi so, cewa baƙi ne ke son tilasta wa ƙasar ɗabi'arsu, kuma talaka da ya rasa aiki a masaƙa ya san wanda za a nuna masa da yatsa. Bankin ya koma ba da bashi a 2025, dokar tana nan.

Najeriya tana da nata kaso a wannan labari. Dokar hana auren jinsi da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 an fi saninta da shekara 14 na masu auren, amma sashen da ya fi shafar aiki shi ne mai ɗaurin shekara 10 ga wanda ya yi rajista ko ya gudanar ko ya tallafa wa ƙungiyar irin waɗannan mutane. Wani bincike da aka yi a Abuja, aka buga a mujallar Lancet HIV a 2015, ya gano cewa a cikin mazan da ake bibiya, masu tsoron zuwa asibiti sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin 100 bayan dokar. A Legas gwamnati ta ƙaddamar da ƙa'idojin zubar da cikin da doka ta yarda da shi, wato don ceton ran uwa, a Yunin 2022, ta dakatar da su cikin 'yan kwanaki, alhali alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne. A Nijar ma hukumomi sun rufe cibiyoyin Marie Stopes a 2018. Akwai kuma abin lura a dokar kamfanonin Najeriya ta 2020: sashe na 839 ya ba hukumar rajistar kamfanoni ikon dakatar da amintattun kowace ƙungiya ta naɗa masu riƙo, kuma waɗanda suka fi ɗaga murya a kansa shugabannin coci-coci ne, da suka ga sandar za ta iya isa harabarsu.

Kotunan nahiyar ba su yi magana da murya ɗaya ba. A Botswana kotun ɗaukaka ƙara ta umarci a yi wa ƙungiyar LEGABIBO ta 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo rajista a 2016, shekara 3 kafin a cire luwaɗi daga jerin laifuka a ƙasar. A Kenya kotun ƙoli ta yanke a Fabrairun 2023 cewa hana irin wannan ƙungiya rajista ya saɓa wa tsarin mulki, duk da cewa luwaɗin kansa laifi ne har yanzu a can. Hujjar alƙalan ita ce doka ta haramta aiki ne, ba ta haramta wa mutane taruwa su nemi a sauya doka ba. Kotun Uganda ta kalli tambaya iri ɗaya ta ba da kishiyar amsa. A matakin Tarayyar Afirka ma haka abin yake: hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar, mai mazauni a Banjul, ta zartar da ƙuduri mai lamba 275 a 2014 na yin tir da cin zarafin mutane saboda jinsin da suke sha'awa ko wanda suke ɗaukar kansu, ta ba wata gamayyar 'yan maɗigo kujerar 'yan kallo a 2015, sannan ta janye kujerar a 2018 bisa matsin majalisar ministocin Tarayyar.

Ƙungiyoyin da suka rage a Uganda sun sauya salon aiki. An cire alluna daga ƙofofin ofis, wasu sun koma rajista a matsayin kamfani ko cibiyar lafiya, taron mutum 40 ya koma na mutum 4 a ɗakin wani, ana aika magani da ɗan acaɓa a cikin leda marar rubutu, ana sanar da juna ta WhatsApp a goge saƙon. Kuɗin da aka ware don wayar da kai yana tafiya wajen belin waɗanda aka kama da neman wa korarru wurin kwana. Manyan ƙungiyoyin mata da na lafiya da yawa sun daina sa hannu a takarda ɗaya da ƙananan, don kada lasisinsu ya bi ruwa. Rubuce-rubucen cibiyoyin ma sun ragu, tunda kowa na gudun ajiye suna da lambar waya, kuma daga waɗannan littattafai ne ma'aikatar lafiya ke samun wani ɓangare na alƙaluman da take lissafa yawan magani da kayan gwajin da za ta nema a shekara mai zuwa.